Koyon Rubutun Ƙirƙira da Hausa: Tarurrukan Bita, Kayan Aiki da Dabarun Marubuta

Rubutun ƙirƙira shi ne duk rubutun da mutum ya ƙaga da basirarsa domin a karanta ko a saurara. Ya ƙunshi ƙagaggen labari, gajeren labari, rubutacciyar waƙa, wasan kwaikwayo da labarin fim. A Nijar, inda fiye da rabin jama'a ke magana da Hausa, matasa da dama a Maraɗi, Damagaram, Tawa da Yamai suna karanta littattafan da ake shigowa da su daga Kano, ko suna bin labarai a wayar salula, kuma cikinsu akwai masu sha'awar rubuta nasu. Babban cikas ɗin da suke fuskanta shi ne sun yi karatun boko da Faransanci, ba a koya musu rubuta harshen da suke magana da shi a gida ba. Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, maganar waɗanda za su rubuta littattafan da yara da manya za su karanta ta ƙara nauyi.

Tarihin adabin Hausa ya nuna cewa akasarin marubuta ba a aji suka koyi sana'ar ba. Sun koya ne ta hanyoyi uku: gasa, ƙungiyar marubuta, da edita mai gyara musu aiki. Waɗannan hanyoyin har yanzu su ne a buɗe.

Yadda aka saba horar da marubuta

Ƙagaggen labarin Hausa na boko ya fara ne da gasa. A 1933 Rupert East, shugaban Hukumar Fassara da ke Zariya a arewacin Najeriya, ya zaga garuruwa yana neman malamai su rubuta labarai masu tsawo. Daga gasar ne aka samu Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, Ganɗoki na Bello Kagara, Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, sai Jiki Magayi wanda John Tafida ya rubuta tare da East. Aikin bai tsaya ga ba da kyauta ba. An ɗauko Abubakar Imam zuwa Zariya, aka tara masa littattafan labaran Larabawa da na Turawa, ya zauna yana rubutu ana dubawa ana tattaunawa, har aka fitar da Magana Jari Ce a littafi uku kafin ƙarshen shekarun 1930. Ana iya cewa wannan zama shi ne bitar farko da aka yi wa marubucin labarin Hausa.

Gasa ta sake taka rawa bayan shekaru arba'in da ƴan kai. Kamfanin ɗab'i na NNPC da ke Zariya ya shirya wata, a 1980 aka buga Mallakin Zuciyata na Sulaiman Ibrahim Katsina, So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwaheed da Amadi Na Malam Amah na Magaji Ɗambatta. Wata gasar ta gwamnatin tarayyar Najeriya ta fito da Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa a 1982.

Da tattalin arzikin Najeriya ya taɓarɓare a shekarun 1980, manyan kamfanonin ɗab'i suka ja baya, sai matasan Kano suka fara buga littattafansu da kuɗinsu. Su ne suka kafa ƙungiyoyi irin su Raina Kama, inda Ado Ahmad Gidan Dabino, Balaraba Ramat Yakubu da Ɗan'azumi Baba suke, da Kukan Kurciya da Jigon Hausa. A ƙungiya ake karanta rubutun juna, a nuna wa sabon shiga maɗaba'a mai sauƙi, a haɗa shi da ƴan kasuwar littafi. Daga baya mata suka kafa nasu, irin su Kallabi da Mace Mutum. Masu rubuta waƙa sun riga su yin haka: Hikima Kulob ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu sun daɗe suna tara mawaƙa, ana rera waƙa ana gyara wa juna ma'auni da amsa-amo.

Ɓangaren Nijar

A Nijar hanyar ta bambanta, domin makarantar da Faransa ta bari ba ta ba harsunan gida wuri ba. Manyan marubutan ƙasar, irin su Boubou Hama da Abdoulaye Mamani mai littafin Sarraounia na 1980, da Faransanci suka yi fice. Rubutun Hausa na boko ya shigo ne ta hanyar yaƙi da jahilci, wanda ya fitar da ƙananan jaridu irin su Saabon Ra'ayii da Gangaa, sannan ta makarantun gwaji masu koyarwa da harshen gida, waɗanda aka buɗe ta farkonsu a Damagaram a 1973. Ajami kuwa ya daɗe a hannun malamai, musamman wajen rubuta waƙoƙin wa'azi da wasiƙu.

Fannin da Hausar Nijar ta fi bunƙasa a ciki shi ne wasan kwaikwayo. A zamanin samariya da bikin matasa na ƙasa, ƙarƙashin mulkin Seyni Kountché, kowace jaha tana shirya wasanta, kuma ƙungiyoyi irin ta Yazi Dogo sun shahara a rediyo da talabijin. Yawancin waɗannan wasanni ba a rubuta su kalma bayan kalma ba. Ana tsara ƙashin labarin ne, ƴan wasa su cike shi da maganganunsu a wajen gwaji, a yi ta maimaitawa har ya zauna. Wannan hanya tana da darasi ga mai rubuta labari, domin a cikinta ake gane maganar da ta dace da bakin ɗan kasuwa da wadda ta dace da bakin tsohuwa.

A farkon shekarun 2000 maɗaba'ar Albasa, da tallafin hukumar haɗin gwiwa ta Jamus, ta buga littattafai cikin harsunan ƙasa, kuma kamfanin Gashingo da ke Yamai yana buga littattafan Hausa da na sauran harsunan gida.

Ƙa'idojin rubutu

Alƙalan gasa da editoci sukan ajiye labari tun a shafin farko idan ƙa'idar rubutunsa ta lalace, komai daɗin abin da ke ciki. Saboda haka duk bita mai amfani da nan take farawa.

An yi zama a Bamako a 1966 ƙarƙashin UNESCO kan haruffan harsunan yammacin Afirka, aka sake yin wani a Yamai a watan Janairu 1980 domin daidaita rubutun Hausa tsakanin Nijar da Najeriya. A 1999 ma'aikatar ilimi ta Nijar ta fitar da ƙudurin da ya tsayar da ƙa'idar da ake bi a makarantu. A yau bambancin da ido ya fi gani shi ne harafi ɗaya: Nijar tana rubuta ƴ, kamar a ƴaƴa, Najeriya kuma tana sa ɗaurin sama kafin y. Ba a nuna tsawon wasali ko karin sauti a rubutun yau da kullum, kuma an bar ninka wasali irin na tsofaffin jaridun yaƙi da jahilci.

Kurakuran da suka fi yawa iri uku ne. Na farko shi ne barin haruffa masu ƙugiya, wato ɓ, ɗ, ƙ da ƴ. Ƙasa daban take da kasa, ƙafa daban da kafa, ƙura daban da kura, ɓari daban da bari. Jimlar da aka so a ce ƙura ta tashi a kasuwa, idan ƙugiya ta faɗi, sai ta koma labarin dabbar dawa.

Na biyu ya fi shafar wanda ya yi karatu da Faransanci, shi ne shigo da rubutun Faransanci cikin Hausa: ou a madadin u ko w, ch a madadin sh, tch a madadin c, dj a madadin j. A rubutun Hausa ana rubuta kuka, shayi, ciniki da jaka. Haka ma sunayen garuruwa: Tawa, Tasawa, Dogon Dutsi, Birnin Ƙonni, ko da yake takardun hukuma suna rubuta su da wata siga.

Na uku shi ne raba kalma da haɗa ta. Ana haɗa yana, tana, suna, yake, suke. Ana raba ya ce, ta zo, shi ne, ba ta. Mallaka gajeriya tana manne da suna, kamar gidansa da motarta, doguwa kuma tana tsayawa ita kaɗai, kamar nasa da tata. Akan yi ruwa a watan Agusta na nufin al'ada, a kan tebur kuma na nufin wuri. Marubucin da ya ware mako biyu yana kwafe shafi ɗaya kullum daga littafin da aka gyara da kyau, hannunsa zai saba da waɗannan.

Kayan aiki

Ƙamus shi ne kan gaba. Na G. P. Bargery da aka buga a 1934 har yanzu babu kamarsa wajen tsofaffin kalmomi da na karkara, kuma ana samunsa a intanet. Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero, wanda ya fito a 2006, yana fassara Hausa da Hausa. Ga wanda ke tunani da Faransanci akwai Ƙaramin Ƙamus na Hausa zuwa Faransanci na Abdou Mijinguini, da ƙamusun Faransanci zuwa Hausa na Bernard Caron da Ahmed Amfani na 1997. Amfanin ƙamus ga marubuci shi ne tabbatar da kalmar da yake shakka a kanta. Cika labari da kalmomin da aka tono daga ƙamus, waɗanda ba wanda ke faɗa a gari, yana gajiyar da mai karatu.

Wanda ke son sanin abin da aka riga aka rubuta zai amfana da Hausa a Rubuce na Ibrahim Yaro Yahaya, wanda ya fito a 1988. Jagoran Nazarin Ƙagaggun Labarai na Isa Mukhtar yana bayanin jigo, salo da tsari, Ɗaurayar Gadon Feɗe Waƙa na Abdulƙadir Ɗangambo kuma yana yin haka ga waƙa.

A Yamai akwai wurare biyu masu taskar da marubuta ba su cika leƙawa ba. Cibiyar CELHTO, wadda aka kafa a 1968 kuma take ƙarƙashin Tarayyar Afirka, tana ajiye tarihin baka, tatsuniyoyi da kirari da aka naɗa. Cibiyar IRSH ta Jami'ar Abdou Moumouni tana da sashen tsofaffin rubuce-rubucen Larabci da ajami. Mai son rubuta labarin da ya faru a zamanin Tanimun na Damagaram, ko a Gobir da Katsinar Maraɗi, a irin waɗannan wurare zai samu sunayen sarautu, kayan yaƙi da hanyoyin fatake. Haka kuma littattafan makarantun harshe biyu na cibiyar INDRAP suna nuna ƙa'idar rubutun Nijar a aikace.

Wayar salula ta zama allon marubuta da yawa. Manhajar Gboard tana da haruffan Hausa, ana ƙara su daga wurin zaɓen harshe. Ya kamata a riƙa ajiye kwafin aiki a wuri biyu, domin waya tana ɓata ko ta lalace da aikin shekara guda a ciki. Ƙaramin littafin aljihu ma yana da amfani, na rubuta maganar da aka ji a tasha, a wurin mai shayi ko a gidan biki kafin a manta yadda aka faɗe ta.

Yadda taron bita ke gudana

Taron bita zama ne da marubuta ke yi domin su koyi dabara, su gwada ta nan take, a kuma duba aikinsu. Akwai na kwana biyu zuwa mako guda da ƙungiyoyi, jami'o'i ko cibiyoyin al'adu ke shiryawa, akwai kuma zaman mako-mako ko wata-wata da marubuta ke yi a tsakaninsu. Na biyun ya fi tasiri, domin rubutu yana gyaruwa ne da maimaici, kuma ba ya bukatar kuɗi. Aji ɗaya na makaranta bayan an tashi, ko zauren wani daga cikinsu, ya isa.

Tsarin da ya fi aiki shi ne mutum shida zuwa goma. Wanda za a duba aikinsa yana raba shafi uku zuwa biyar tun kwanaki kafin zaman, domin kowa ya karanta a natse. Ranar zama wani dabam ne ke karanta rubutun da babbar murya, marubucin yana saurare. Duk inda mai karatu ya yi tuntuɓe, ko numfashinsa ya ƙare kafin jimla ta ƙare, akwai gyara a wurin. Daga nan kowa ya faɗi abin da ya fahimta daga labarin kafin ya faɗi ra'ayinsa. Idan mutum biyar sun fahimci abin da marubucin bai nufa ba, laifin na rubutun ne. Marubucin ba ya kare kansa a lokacin, yana rubuta abin da aka ce ne, sai a ƙarshe ya yi tambaya.

Abubuwa biyu ke kashe irin wannan zama. Ɗaya shi ne kunya da kara, inda kowa ke cewa ma sha Allah, ya yi kyau, a tashi ba a ƙaru da komai ba. Ɗayan shi ne cin fuska, inda gyara ke komawa kan mutum a bar rubutu. Maganinsu shi ne a ɗaure kowace magana da layi: a ce a shafi na biyu ba a gane wanda ke magana ba, ko a ce mahaifin ya yafe da wuri alhali ba a nuna abin da ya sauya masa zuciya ba. Inda mata ba sa samun damar fita zaman dare, ana iya sa shi da hantsi ranar hutu, ko su yi nasu zaman.

Mai neman shiga bitar da ake biya ya tambayi abu uku tun da wuri: wane ne zai koyar kuma me ya rubuta, mutum nawa ne a ajin, sannan ko za a karanta aikin kowa. Bitar da ta ƙare a jawabai da rabon takardar shaida ba ta gyara rubutu.

Dabarun ƙagaggen labari

Masu nazari suna raba labari zuwa jigo, wato saƙon da ke ciki, da zubi da tsari, wato yadda aka jera abubuwan da suka faru, da taurari, da salo. Sabon marubuci yakan fara da jigo, ya ce zai yi rubutu kan auren dole ko ci-rani. Labari kuwa yana tashi ne daga mutum ɗaya mai son wani abu, da abin da ya tare masa hanya. Ci-rani jigo ne. Matar da mijinta ya tafi Agadas shekara uku ba aike, ga dangi sun matsa mata ta kai ƙara wurin alƙali a raba auren, ita kuma tana ɓoye wani dalilin da ya sa ba ta so, wannan labari ne.

Buɗewa tana da muhimmanci ƙwarai, musamman a gajeren labari. An saba farawa da fitowar rana, ko da siffanta kyawun yarinya daga gashi har ƙafa, ko da jera motocin gidan attajiri. Mai karatu ya ga irin wannan sau ɗari. Ya fi kyau a fara a daidai lokacin da al'amari ya fara canzawa, kamar ranar da wasiƙa ta iso ko ranar da aka ga baƙon takalmi a ƙofar ɗaki. Bayanin asalin mutane yana iya biyowa a hankali.

Wata dabarar ita ce nuna hali ta hanyar aiki. Idan aka rubuta cewa Hadiza ta shiga matsanancin baƙin ciki, an ba da rahoto ne. Idan aka rubuta cewa ta ɗora tukunya ta zauna tana jira, sai da ƙanwarta ta shigo ta nuna mata ba ta hura wuta ba, mai karatu zai gane da kansa, kuma abin zai zauna masa. Haka rowa, girman kai da tsoro, kowanne yana da aikin da ke tona shi.

Zance tsakanin taurari yana bukatar kunne. A rayuwa gaisuwa tana ɗaukar minti biyu, a takarda layi ɗaya ya isa, sai fa idan gaisuwar ce ke ɗauke da saƙo, kamar kishiyar da ta amsa lafiya kawai ta juya baya. Kowane tauraro ya yi magana daidai da shekarunsa da matsayinsa. Suruka ba ta kiran sunan surukinta, matar gida a wurare da yawa ba ta faɗin sunan mijinta ko na ɗanta na fari, kuma ba a yi wa dattijo magana kamar yadda ake yi wa aboki. Marubucin da ya kiyaye wannan, labarinsa zai yi kama da gidan Hausawa na gaske.

Karin harshe dukiya ce ga marubucin Nijar. Mutumin Tawa ko na Dogon Dutsi yana cewa shina zuwa, mi kake so, ɗiyata, biyat, kuma wannan ya bambanta da Hausar Damagaram da ta Kano. Hanyar da marubuta da dama ke bi ita ce su rubuta bayanin labari da daidaitacciyar Hausa, domin a karanta shi ko'ina, su bar karin harshe a bakin taurari. Kalma biyu ko uku a kowace magana sun isa su nuna garin mutum. Haka kalmomin aro daga Faransanci da mutane ke faɗa a kasuwa da ofis suna da wuri a zance, idan haka tauraron zai faɗa. Abin gudu shi ne gina jimlar Hausa a kan ƙashin Faransanci, inda ake tara sassa huɗu ko biyar da wanda da wadda kafin a kai ga aikatau. Karantawa da babbar murya tana fallasa irin wannan jimla.

Karin magana gishiri ne, kaɗan ke gyara miya. Ya fi armashi a bakin wanda ya dace da shi, a lokacin da ya dace. Game da ƙarshen labari, abubuwa biyu ne suka fi raunana shi: warware matsala da haɗarin mota ko gadon da ya faɗo ba zato, da rufewa da dogon wa'azi. Idan labarin ya ginu, darasin yana cikin abin da ya samu taurarin, ba sai marubuci ya fito ya bayyana shi ba.

Bayan an gama rubutun farko, ana ajiye shi kamar mako biyu kafin a sake dubawa. Gyara yana tafiya hawa-hawa: a fara da ginin labari, a cire fitowar da ba ta ƙara komai, sannan a koma kan jimloli, a ƙarshe a bi ƙa'idar rubutu da alamomin tsayawa. Wanda ya fara da gyaran ƙugiya a shafin da zai jefar daga baya ya yi aikin banza.

Waƙa da wasan kwaikwayo

Rubutacciyar waƙa tana da nata dokoki. Ana gina ta da baiti, kowane baiti da ɗangwaye, kuma ana kiranta da yawansu: ƴar ƙwar biyu, ƙwar uku, ƙwar huɗu ko ƙwar biyar. Tana da amsa-amo, babba a ƙarshen kowane baiti, ƙarami a cikin baitin, sannan tana da ma'auni wanda ya dogara da jerin gaɓoɓi masu nauyi da marasa nauyi. Yawancin mawaƙa da kunne suka koyi ma'auni, ta hanyar rera waƙoƙin magabata irin su Sa'adu Zungur, Mu'azu Haɗeja da Aliyu Namangi har karin ya zauna musu. Gwajin waƙa shi ne rerawa. Ɗangon da sai an ja wasali ko an haɗiye gaɓa kafin ya shiga kari yana bukatar gyara.

A wasan kwaikwayo na rediyo, mai sauraro ba ya ganin komai, don haka murya da ƙara ne ke nuna wuri da mutum. Ana rage yawan masu magana a fitowa ɗaya, a kuma sa su ambaci juna tun da wuri ta hanyar da ba ta yi kama da tilas ba. Gidajen rediyon gari da na karkara, waɗanda suke da yawa a kudancin Nijar, wuri ne mai kyau na gwada irin wannan aiki.

Gasa da bukukuwa

Gasar da ta fi shahara a yanzu ita ce Hikayata ta Sashen Hausa na BBC, wadda aka fara a 2016 domin mata zalla. Aisha Muhammad Sabitu ce ta fara lashe ta da labarinta Sansani. Ana neman gajeren labari mai kalma 1,000 zuwa 1,500, ana aikawa ta intanet, kuma ana karanta waɗanda suka yi fice a rediyo. Ana sanar da sharuɗɗa kowace shekara, kuma saɓa musu, kamar wuce adadin kalmomi ko aika labarin da aka taɓa wallafawa, yana fitar da mutum kafin alƙalai su ga aikinsa.

Ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, wadda Chinua Achebe ya jagoranci kafawa a 1981, tana da rassa a jihohin arewa, kuma reshen Kano yana da zaman karatu na Hausa. A 2021 aka fara bikin littattafai da fasahar Hausa na HIBAF a Kaduna, inda ake tattaunawa da horar da matasa. Ranar Hausa ta Duniya, 26 ga Agusta, ita ma dama ce da ƙungiyoyi a Nijar ke iya amfani da ita su shirya karatu ko ƙaramar gasa.

Bugawa da haƙƙin mallaka

Hanyoyin fitar da littafi uku ne: kamfanin ɗab'i ya ɗauki nauyi, marubuci ya buga da kuɗinsa, ko ya saki labarin kashi-kashi ta waya, a manhajoji irin su Wattpad da ArewaBooks ko ta WhatsApp. Ta ukun ta fi sauƙi kuma tana kawo masu karatu da sauri, amma tana da illa biyu. Gaggawar fitar da kashi kullum tana hana gyara, kuma labari yana yawo hannu zuwa hannu ba da izinin mai shi ba, wani lokaci har a cire sunansa ko a karanta shi a YouTube wani ya ci kuɗin.

A Nijar hukumar BNDA ce ke kula da haƙƙin mawallafa, kuma ƙasar tana cikin ƙungiyar OAPI da yarjejeniyar Berne. Haƙƙi yana tabbata ga marubuci tun daga lokacin da ya ƙirƙiri aikin, sai dai yin rajista da ajiye kwafi mai kwanan wata suna sauƙaƙa kafa hujja idan rigima ta taso. Duk yarjejeniya da maɗaba'a, gidan rediyo ko mai shirya fim ta kasance a rubuce, ta fayyace yawan kwafin da za a buga, kason marubuci, tsawon lokaci, da wanda ke da ikon fassara ko mayar da labarin fim. Batun fassara ba ƙarami ba ne: Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, wanda ya fito a Kano a 1990, an fassara shi zuwa Ingilishi an buga a Indiya a 2012.

Kafin a kai littafi maɗaba'a, ana ba wa mutum biyu su duba shi: wanda ya san ƙa'idar rubutu, da mai karatu na gari wanda ba ya jin nauyin marubucin. Kuɗin da aka kashe wajen gyara ya fi sauƙi a kan kwafi 500 da aka buga da kuskure a kowane shafi.